Injinan da Ke Tashi da Kansu

Da hantsi wani mutum mai sanƙo ya shigo ofishin Sufeton 'yan sanda, ya ce an yi masa sata. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗauki ko tsinke ba. Kamfaninsa na rubuta manhajar sayar da tikitin mota, kuma ba su da manyan kwamfutoci nasu. Haya suke karɓa a nesa ta intanet, abin da 'yan sana'ar ke kira girgije. To kuɗin hayar ne ya yi tashin gwauron zabo, har albashin ma'aikata na neman gagara.

"Ashe yanzu har girgije ake bayarwa haya," in ji Sufeto yana murmushi. Mutum ne mai son aikinsa, musamman in ya zo da sabon abu.

Ofishin kamfanin, inda Sufeto ya bi shi, dogon falo ne, tebura jere, wayoyin lantarki sun harɗe a ƙasa. Wadda mai kamfani ke zargi ita ce injiniyar da ya ɗauka don rage kashe kuɗi. 'Yar Tsimi ake ce mata.

Ta yi wa Sufeto bayani a natse. Ta kashe injinan hayar da ke kunne ba aikin fari ba na baƙi, ta maida manya ƙanana, ta kwashe tsofaffin bayanai zuwa ma'ajiya mai araha. Amma akwai wasu manyan injina masu sunan gwaji, da ta kashe su sai ta tarar sun tashi.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe," ta ce, idonta a kan tebur.

Akantan kamfanin kuwa, da aka keɓe da shi, ya ce ya taɓa jin ta tana musu da Dogo a bakin matakala. Dogo shi ne babban injiniya, ɗan yayar mai kamfani. Da Sufeto ya koma mata da wannan, sai ta amsa cewa Dogo ya hana ta taɓa injinan. Ta ɓoye ne don ba ta son shiga tsakanin kawu da ɗa.

Dogo ya karɓi Sufeto da fara'a. Ya ce injinan gwaji ne kawai, ba kowa a kansu, mantuwa ce irin ta aiki.

"To ai da sauƙi," in ji Sufeto. "Tunda ba kowa a kansu, a kashe su yanzu."

Ya ja kujera ya zauna kusa da Dogo, yana ba shi labarin ciwon gwiwarsa. 'Yar Tsimi ta danna, ta kashe injinan. Ba a jima ba wayar Dogo ta fara ruri. Ya kife ta. Ta sake. Sufeto ya ce ya ɗauka, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Malam Dogo, shafin shagonmu ya tsaya cak," in ji wata mata. "Ba shekaranjiya muka biya ka ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: ya daɗe yana ba 'yan kasuwa hayar injinan, kuɗin na shiga aljihunsa, kamfani na biyan girgije, kuma shi ke sake kunna su in an kashe.

"Kawu, gani na yi wurin da yawa," ya ce.

Kawun ya juya ya ba 'Yar Tsimi haƙuri a gaban kowa. Ita kuma ta roƙi a sake kunna injinan zuwa ƙarshen mako, don 'yan kasuwar su kwashe kayansu, tunda ba su da laifi. Ya yarda.

Abin ya yi wa Sufeto daɗi. Ya miƙe, ya dafa kafaɗar Dogo.

"Bar kwamfutar nan, ɗana. Inda za mu ba a buƙatarta."