Shafin Inna

Dab da magariba abin ya soma. Injiniya na zaune a falo da kwamfuta a cinya, sai ya ji an buɗe ƙofar kicin, an rufe, an buɗe ta ɗakin yara, an rufe, an koma kicin. Autarsa ce, 'yar shekara goma sha biyu. Uwarta ta kira ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kwana uku tana kai da komo tsakanin ƙofofin nan biyu. Ƙafafunta suka kumbura, leɓɓanta suka bushe. Da an riƙe ta, sai tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ba ta tsayawa sai an sake ta. Babu mai iya fita ya bar ta, babu mai iya tsayar da ita. Tsoro ya cika Injiniya, har ya daina haɗa ido da matarsa.

Ran na huɗu da la'asar surukinsa ya kawo wani malami, tsoho mara gaggawa. Ya zauna tsakanin ƙofofin yana karatu, har yarinyar ta ja ta tsaya.

"Wane ne kai?"

"Baƙon Inna ne," ta ce, da wata murya mai kauri. "Shekara arba'in ina zaune kusa da ita. Na yi tafiya, na dawo, ban gan ta ba. Yarinyar nan ta taɓa sunanta a waya, na bi. Ƙofa ta tura ni ƙofa, waccan ta maido ni. Na gaji, malam."

Nan take Injiniya ya gane. Shi ya gina wa danginsu shafin zumunci a intanet, kowa da hotonsa da tarihinsa. Da Inna, mahaifiyarsa, ta rasu bara, ya kasa kallon shafinta, ya goge. Maimakon ya bar sanarwar cewa babu shi, sai ya sa adireshin ya riƙa tura mai nema zuwa shafin ta'aziyya. Wannan kuwa bai taɓa samun ƙarfin zuciyar rubuta shi ba, don haka yake mayar da mutum adireshin farko. Shi da ke yi wa abokan aikinsa faɗa a kan irin wannan kwaɓa!

"A maido min ita, in saki yarinyar," in ji muryar.

"Wannan ya fi ƙarfinmu da ni da kai," in ji malam. "Nemi wani abin."

Injiniya ya jawo kwamfuta. Ya cire turawar, ya sa abin da aka saba: ba a samu shafin ba.

Tsakuwa ta zubo kamar ƙanƙara.

"Ba a samu ba? To, in ci gaba da nema ke nan?"

Malam ya dube shi. "Ɗana, a aikinku babu yadda ake cewa abu ya tafi, ba ɓacewa ya yi ba?"

Akwai. Kowace sanarwa da lambarta, kuma ya san ta wannan sarai, tana nan kusa da ta "ba a samu ba". Ya canza, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa.

"Karanta masa," in ji malam.

Injiniya ya karanta a fili.

"Inna ta rasu. Ba za ta dawo ba."



"Allah ya ji ƙanta," in ji muryar, a hankali. "Da tuni aka faɗa min."

Yarinyar ta sulale jikin uwarta, ta ce ƙishirwa take ji. Injiniya kuwa ya kifa kai a kan kwamfutar, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.