Kaset Mai Lamba Talatin da Ɗaya

Ranar Talata ce, dusar ƙanƙara na sauka a garin Urbana, shagon gwanjon babu kowa sai Della tana ninke riguna. Ta saba da hakan. Wani lokaci sai ta yini ba ta ce komai ba sai "na gode".

Sai ga wani dogon saurayi ya durƙusa gaban kwalin tsofaffin kaset, ya zaro fensir daga bayan kunne yana naɗe zaren wani da ya warware.

"Wannan kwalin shara za a kai," ta ce a hankali.

"To ki ɗauke ni mai kwasar shara. Sunana Emmett."

Kaset ɗin gwaji yake nema, irin waɗanda matasan garin suka ɗauka da kansu a ɗakunan ƙarƙashin gidajen haya shekara ashirin da biyar baya, jita da ganga da waƙa mai kama da kuka. Masu tara su ba sa sayarwa, musaya suke yi.

Daga ranar ya riƙa zuwa, ko akwai kwali ko babu. In bai zo ba sai saƙo ya shigo:

"Shiru-shiruna, kin ci abinci? Yau na samu wata waƙa, mai gangar yana sauri kamar ya bar tukunya a wuta."

"Na ci, Mai Fensir. Shagon ya yi mini faɗi yau."

Sai da aka yi wata uku ta gaya masa. Mahaifiyarta Renata ita ce mawaƙiyar wata ƙungiya mai suna Layin Vine. Kaset hamsin kawai suka yi, ta rubuta wa kowane lamba da hannunta, suka rabar a bakin ƙofar wajen wasa. Ta rasu Della na da shekara biyu. Na gidansu rediyon mota ya tauna shi, sai gidan kaset ɗin, wato robar da ake saka shi a ciki, ya rage a kan firiji. Della ba ta san muryar uwarta ba.

Ranar da ta kai shi gida, mahaifinta Gil, wanda shi ne mai gangar ƙungiyar, bai ko bari Emmett ya zauna ba.

"Na san irinsu," ya ce bayan Emmett ya fita. "Duk sun ɗauka na ɓoye wani a kabad. Ba ke yake so ba, Della."

Ba ta yarda ba, sai da Petra, wata mai tara kaset da ta daɗe tana son Emmett, ta shigo shagon ta miƙa mata waya. Rubutun Emmett ne a zauren masu musayar kaset na intanet: "Ina neman Layin Vine. Zan ba da duk abin da na mallaka."

"Ke ƙofa ce kawai, 'yar'uwa," in ji Petra. "Ɗakin yake son shiga."

Della ta rubuta masa: "Babu komai a kabad ɗinmu. Kar ka ƙara wahalar da kanka."

Amsarsa gajeriya ce: "Ina hanya, Shiru-shiruna. Ki ba ni kwana huɗu."

Kwana huɗun nan ta ninke riguna, ta ci abinci a tsaye, ta daina duba kwalin kaset.

Safiyar Lahadi ya buga ƙofa, idanunsa sun yi ja saboda tuƙi. Ya ajiye kaset a kan teburin kicin. A kusurwarsa an rubuta 31 da jan biro.

"Wani dattijo ne ke da shi a garin Dayton. Na ba shi kaset ɗina duka, ɗari biyu da sha huɗu."

"Ka ji daɗin waƙar?" Gil ya tambaya a daƙile.

"Ban saurara ba, Baba. Zaren ya tsufa, zai iya tsinkewa a juyin farko. In sau ɗaya zai yi, ba ni ya kamata in ji ba."

Gil ya daɗe yana kallon jan rubutun. Sannan ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko tsohuwar rediyo, ya goge ƙurar da hannun rigarsa.

Da farko shuu kawai ake ji. Sai sandunan ganga suka buga sau huɗu, sai wata mace ta fashe da dariya: "Gil, ka sake yin sauri. Daga farko." Ta fara waƙa.

Della ta riƙe gefen teburin.

"Baba, haka take dariya?"

"Haka," ya ce, fuskarsa na wajen taga. "Irin taki ce, in kin ga dama kin yi."

Zaren bai tsinke ba. Da ya ƙare Gil ya share hanci ya dubi Emmett.

"Kai, mai fensir. Ka ci abinci?"

An ɗaura auren a watan Yuni, a bayan gidansu, masara ta fara tsayi a gonakin bayan gari. Sun kwafi kaset hamsin don baƙi, Della ta rubuta lambobin da jan biro. Har Petra ta samu nata. Na ɗaya ta miƙa wa babanta.

Ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku gida mai hayaniya."

Da yamma ya saka nasa cikin gidan kaset ɗin da ke kan firiji, ya rufe.