Soket Ɗin da Ruwa Ke Shiga

Ana kiran magariba, ina haɗa kayan aikina na gyaran wayoyin mota a bakin titin Kausani, sai ga wata akori-kura ta tsaya, tana jan tirela mai tagogi kamar ɗaki. Wani dogon mutum ya fito. Ko sallama bai yi ba.

Ya ce, "Kai ne Abdulbaƙi rewaya? Soket ɗin fitilun tirelar nan yana ƙarƙashin bamba, ruwa na shiga. Ɗago min shi sama."

Tsakiyar rani ne, rabonmu da ruwa wata biyar. Na dai cire kan batir kamar yadda na saba, na kwanta ƙarƙashin motar. Soket ɗin cike yake da laka mai sanyi, yana ƙarnin kifi. Ta ƙasa nake hango bakin rigar mutumin yana ɗiga, amma ƙasar ba ta jiƙewa.

Na ɗaure soket ɗin a gefen bodi, na ce, "Alhaji, nan ya yi?"

"Ƙara sama. Inda muke zaune ruwa ya wuce nan."

Na kai shi saman rufi, na cusa fulogi. Nan take fitilun cikin tirelar suka kama, alhali kan batir na nan a cire.

Ya buɗe ƙofar tirelar, ya ce, "Shiga ka duba min na ciki."

Na leƙa daga bakin ƙofa. Mutane ne zaune a jere, sun jiƙe sharkaf. Na kusa da taga ya juyo. Bilya ne, ƙanena, cikin rigar da ya shiga kwalekwale da ita bara, ranar da kogi ya ƙi ba mu ko gawarsa.

Yana girgiza min kai a hankali, alamar kada in shiga.