Satar Jatau, Akun Mma Memunatu

Ranar Talata da safe, cikin shekarar 1978, Sufeto Abubakari Gurunshi ya iso ofis ya tarar da cincirindo a bakin ƙofa. Direbobi, 'yan dako, har da wani malamin makaranta, kowa riƙe da kwanonsa wayam. A kan benci kuwa ga Mma Memunatu mai wakye zaune, ido ya kumbura. Shekara ashirin tana sayar da shinkafa da waken nan a bakin kasuwar Nima, ba a taɓa jin ta yi fashi ba sai yau.

"Wa ya mutu?" in ji Sufeto.

"Ba mutuwa ba ce, Masa," in ji kofur, yana danne dariya. "Tsuntsu aka sace. Aku."

Sufeto mutum ne da ba ya dariya sai ya ji ƙarshen magana. Ya ja kujera ya zauna gaban tsohuwar.

"Mma, ina jin ki."

"Su yi dariyarsu, ɗana," in ji ta. "Mijina Malam Osumanu ya rasu shekara biyu ke nan. Bai bar ɗa ba. Bai bar hoto ba, don bai yarda da hoto ba. Jatau kaɗai ya bar mini, kuma Jatau da muryarsa yake magana. Tarinsa, gyaran muryarsa, yadda yake kiran sunana. In tsuntsun nan ya tafi, to na binne Malam sau biyu."

Kofur ya daina dariya. Sufeto ya ɗauki hularsa.

Gidan haya ne mai ɗaki shida, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Jiya Litinin, in ji Mma Memunatu, matan gidan duk suka tafi suna a unguwar Maamobi tun hantsi. Da suka dawo da la'asar, ga kejin rataye a inuwar baranda, ƙofarsa a buɗe.

"Ko ya buɗe da kansa ya tashi?"

"Ranar Juma'a na rage masa gashin fiffike da almakashi. Ko kan katanga ba ya kaiwa."

Sufeto ya leƙa cikin kejin. A share yake tas, gwangwanin ruwa a wanke, ga ɓawon gyaɗa kaɗan a ƙasa. Babu gashi ko ɗaya, babu ɗigon jini. A jikin bango ya ga ƙusa biyu a jere, ba komai a kansu.

"Me ake ratayewa nan?"

Ta duba, ta dafe ƙirji. "Sandarsa! Sandar gwaiba ce. Jatau ba ya hawa hannun kowa sai nawa, duk wanda ya miƙa masa yatsa sai ya ga ƙashi. Amma in ka miƙa masa sandar nan, salin-alin zai taka ya hau."

"Wa ya san haka?"

"Mutanen gida."

Sufeto ya rubuta a littafinsa. Ɓarawon waje da buhu zai zo, kuma da an ga gashi da jini. Wannan na gida ne, kuma da ladabi ya ɗauki tsuntsun.

Ya fara da Adisa, mai ɗakin da ke kusa da baranda, domin duk layin sun shaida ta taɓa rantsuwa sai ta yi miya da Jatau.

"Ina kike jiya da azahar?"

"Wurin suna, Masa. Ban motsa ba ko kaɗan."

"Matan gidan nan sun ce kin ɓace musu wajen awa guda."

Adisa ta yi tsuru-tsuru, sannan ta fashe. "To, na dawo! Ɗankunne na manta. Na ɓoye ne don na san ni za a ce. Masa, tsuntsun nan yana kwaikwayon yadda nake kiran mijina, duk layi suna mini dariya, shi ya sa na ce miya. Amma baki ne kawai. Lokacin da na shigo yana nan yana fito abinsa."

"Ke kaɗai ce a gidan?"

"Ban ga kowa ba. Keken ɗinkin Seidu dai na ji yana ƙara a ɗakinsa."

Seidu tela ne, matashi gwauro, fara'a kamar gonar auduga, tef ɗin awo rataye a wuya. Tun kafin Sufeto ya buɗe baki ya miƙo hannuwansa biyu, ya juya su gaba da baya.

"Duba, Masa, ko ƙwarzane babu. Wanda ya kama Jatau dole ya sha cizo."

"Ban tambaye ka hannu ba. Ina kake jiya?"

"Zongo Lane, sayen zare. Tun safe har yamma."

"An ji kekenka da azahar."

"Adisa ne ya faɗa ko? Matan nan kunnensa yana jin abin da babu. Ni a ganina tsuntsu ya tashi ne, Masa. Mai fiffike ai ba a riƙe shi."

Da kansa ya buɗe ɗakin, ya ɗaga katifa, ya buɗe akwati. Ba tsuntsu, ba sanda. Sufeto ya yi masa godiya ya fita. A ransa kuwa cewa yake, wanda ya kawo amsa kafin tambaya, ya kwana yana shirya ta.

Da yamma ya nemi Baba, wani tsoho mai sayar da tsuntsaye da sassaƙe a bayan kasuwa, wanda ya fi shekara talatin yana harkar aku.

"Ba wanda ya kawo mini," in ji Baba. "Kuma ba zai kawo nan ba. Aku mai magana Tema ake kai shi, ma'aikatan jirgin ruwa suke so. Na ji akwai jirgin da zai tashi jibi Alhamis."

"To muna da kwana biyu."

"In ya kai. Ɗana, aku ba kaza ba ne. Yana da zuciya. In ka raba shi da mai shi, sai ya kame baki, ya daina ci, ya koma fizgar gashin ƙirjinsa. Kwana uku, huɗu, sai gawa."

"In kai ka sace shi, kana son ya rayu, me za ka ba shi?"

Baba ya yi murmushi. "Kwakwar manja, ɗanya, ja wur. Akun da ya ƙi kwakwa ya yi sallama da duniya."

Laraba da sassafe Sufeto ya sa riga da wando na gida ya shiga layin mata masu kwakwa. Abin da ya dogara da shi ɗaya ne. A Nima ba mai sayen kwakwar manja sai mace mai shirin miya, ita ma da olonka take awo, wato babban gwangwani, guda ko biyu. Ya tambayi ta farko, ya tambayi ta biyu. Ta biyar, wata ƙatuwar mata 'yar Asante, ta tuntsire da dariya tun kafin ya gama.

"Ei, Papa! Mutumin kwakwa bakwai! Kwana uku yana zuwa. Na ce masa, miyar ɓera za ka yi? Namiji ya tsuguna yana zaɓe ɗaya-ɗaya, yana latsawa da farce, daidai yadda Mma Memunatu yake yi wa tsuntsunsa."

"Yaya kamanninsa?"

"Siriri, mai dariya, da tef a wuya. Yanzun nan ya tafi."

"Gida ya nufa?"

"A'a, bakin gota."

Sufeto ya san wurin. Shagunan katako ne kusan arba'in a jere bakin babbar kwata, kuma a shekarar nan da sukari da sabulu suka zama sai wane da wane, yawancinsu a garƙame suke, masu su sun tafi neman wani abin yi. Ba shi da takardar fasa ko ɗaya, balle arba'in. In ya kama Seidu yanzu, zai rantse ya maimaita, tsuntsu kuwa ya mutu a kulle. Ya tsaya a bakin hanya yana shafa gemu, sannan ya juya da sauri zuwa gidan Mma Memunatu.

"Mma, me ke sa Jatau magana ko ba ya so?"

Ta yi ɗan tunani. "In na gama kwashe wakye, nakan buga ludayi a bakin tukunya sau uku. Nan Malam yake yi mini magana daga ɗaki. Tun da ya rasu, Jatau ne ke yi."

"Ɗauko tukunyar."

Ya aika kofur ya kira Seidu, wai ya zo ya taya su nema tunda tsuntsun ya san shi. Seidu ya zo da fara'arsa. Amma da ya ga an doshi bakin gota, fara'ar ta fara yin tsami.

Nima kuwa ba a rasa 'yan kallo. Kafin su isa, mutum ya fi ɗari a bayansu. Sufeto ya ɗaga hannu.

"Duk wanda ya yi tari, a ofis zai kwana."

Aka yi tsit. Mma Memunatu ta tsaya gaban shagon farko, tukunya a ƙugu, ta buga sau uku. Shiru. Ta matsa gaba ta buga. Shiru. Shago goma, shago ashirin, zufa na bin fuskarta. Sufeto kansa, gaskiya, ya fara tuna maganar Baba ta kwana uku.

Amma ba tsohuwar yake kallo ba, Seidu yake kallo. Da suka zo daidai wani shago mai shuɗin fenti, tela ya haɗiye yawu, ya kau da kai.

"Mma, nan. Buga da ƙarfi."

Ta buga sau uku.

Daga cikin katakon sai aka ji tari, irin na tsohon da ya sha goro. Aka ji gyaran murya. Sannan murya ƙasa-ƙasa, a gajiye, amma ba wanda ya taɓa zama da Malam Osumanu da zai kasa gane ta:

"Memuna, a bar mini ƙanzo."

Tukunya ta suɓuce ta faɗi. Mata suka ɗau salati, maza suka yi kabbara, wani direba ya jefa hularsa sama ta faɗa kwata bai ko waiwaya ba. Seidu ya zabura zai tsallake gota, kofur ya cafke shi ta tef ɗin wuyansa.

"Makulli," in ji Sufeto.

A aljihun wandonsa aka same shi. Shagon na wani abokinsa ne da ya tafi Legas ya bar masa ajiya. A ciki ga kwali an huda masa ramuka, ga sandar gwaiba, ga kwakwa ashirin da ɗaya a zube, ko ɗaya ba a taɓa ba. Jatau na tsugune a lungu, ƙirjinsa ya yi sanƙo, jar wutsiyarsa ta yi buɗu-buɗu da ƙura.

Mma Memunatu ta durƙusa ta miƙa hannu. Ya kalle ta da ido ɗaya, ya tako a hankali, ya hau, ya sunkuyar da kai ta sosa masa ƙeya.

"Seidu, me ya kai ka?" in ji Sufeto.

Seidu ya zube ƙasa. "Masa, wani mai aikin jirgi ne ya ce in na kawo masa aku mai magana, zai samo mini aiki a jirginsu. Na gaji da ɗinki, ba yadi, ba zare. Na ce tsuntsu ne kawai. Wallahi ban so ya mutu ba, kullum ina saya masa kwakwa."

"Kwakwar ce ta kama ka," in ji Sufeto.

Mma Memunatu ba ta ɗaga murya ba. "Seidu, kai ka ɗinka likkafanin Malam da hannunka. Kai ka riƙe ni ranar da aka fita da shi."

Seidu bai iya ɗaga kai ba. Aka sa masa ankwa, jama'a suka dare aka wuce da shi, yara da manya na bin sa da ihu.

Kofur ya dawo yana sosa kai. "Masa, tsuntsun fa shaida ne. Doka ta ce a ajiye shi a ofis har ranar kotu."

"Kai za ka ba shi abinci?"

Kofur ya dubi bakin Jatau, ya dubi yatsunsa, ya mayar da hannu aljihu.

"Rubuta," in ji Sufeto. "An damƙa shaida a hannun Mma Memunatu, domin ba ya ci sai a hannunta."

Tsohuwar ta tsinci kwakwa ɗaya daga ƙasa, ta goge da bakin zanenta, ta miƙa. Duk taron ya zuba ido. Jatau ya karɓa da ƙafa, ya juya ta, ya kafa baki, jan mai ya gangaro masa.

"Ya ci!" in ji Adisa, ita da ta ce miya, tana rangaɗa guɗa. "Wallahi ya ci!"