Jajayen Ɗigo a Gefen Zane

Ranar da ta fara shiga shagonsa, da hannun hagu ta miƙa masa zanenta. Shi kafinta ne mai haɗa firam, wato katakon da ake kewaye hoto da shi. Ita kuwa ta kama zane ne bayan hatsarin motar da ya tafi da yayarta, ya bar mata ciwon kafaɗar dama da likitoci suka ce sai dai haƙuri. Ya kalli zanen, ya kalle ta, ya auna faɗinsa sau uku kamar ranar ya fara riƙe tef.

Kafin wata biyu ya raɗa mata suna. Kullum saƙonsa kan riga maganin safe zuwa: "Bahaguwata, yaya kafaɗar? Yau me za a zana mana?"

Da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa kuwa ta ce ba da ita ba. Wai me zai yi da macen da rabin kwanakinta a kwance take?

Ana cikin haka sai gogan ya yi gwaninta. Babban zanenta da za a baje a ɗakin nuni yana da jajayen ɗigo birjik a gefe. Ya ɗauka fenti ne ya fallatsa, sai ya sa katako mai faɗi ya rufe su tsaf, yana jiran yabo.

Saƙo ya samu daga gare ta: "Kowane ɗigo rana ce da ciwo ya ce ba zan tashi ba, na tashi na yi zane. Idan kunyarsu kake ji, to kunyata kake ji."

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba, hankalinsa ya tashi. Ya ɓalle firam ɗin, ya haɗa siriri da ya bar gefen a fili. Ranar nunin ya lallaɓi mahaifiyarsa ta raka shi.

Tsohuwa ta gyara tabarau ta tambayi ma'anar ɗigon. Yarinyar ta faɗa mata. Sai tsohuwa ta shiga ƙirgawa da yatsa, ta wuce ɗari ta tsaya.

"Ni gwiwata ta yi ciwon kwana biyu, sai da unguwa ta sani," in ji ta. Ta kama hannun hagun nan mai fenti a farce. "'Yata, na yi miki kuskure. Wadda ta tashi sau ɗari ai ba a kwance take ba."

Kafinta ya sunkuyar da kai, alfahari ya cika masa ƙirji.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, tsohuwa ta fi kowa sa albarka. Zanen yana rataye a falonsu. Ciwon bai tafi ba, amma duk ranar da ya motsa, angon ne ke buɗe mata kwalbar jan fenti, ita ta ɗiga da kanta. Allah ya bar su tare.