Asalin Ƙudan Mangwaro

Zulfa ta fara ganin Zunnuraini ne a kan bishiyar mangwaron mahaifinta a Kademi, yana rataya wata robar ruwa da aka huhhuda.

"Malam, bai nuna ba tukuna," ta ce.

"Ba mangwaro na zo nema ba. Ƙudan da ke sa masa tsutsa nake kamawa, mu duba ƙwayoyin halittarsa mu gano asalinsa."

"Ashe ƙuda ma yana da dangi."

Kafin damina ta sauka, yana kiranta Tauraruwata, ita kuma tana kiransa Sarkin Ƙuda.

Sai dai robar tarko ce, da ƙamshi take janyo ƙuda. Hafizu, wanda ya daɗe yana son Zulfa, ya ga ƙudaje sun yi dandazo a bakin robar, ya kammala nasa binciken a tsaye. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Zunnuraini, mutumin Ajingi, shi ne ke zuba musu ƙuda.

Malam Tukur, mahaifin Zulfa, ya cire tarkunan da hannunsa.

"An ce kakansa daga Barno ya zo. Baƙo ya kawo mana baƙo. Juma'a zan ba shi amsar neman auren da yake yi."

Zulfa ta tura saƙo: "Sarkin Ƙuda, Baba ya aiki Baffa Maikuɗi zuwa Ajingi binciken asalinka. Na kasa cin abinci."

"Tauraruwata, ki ci. Sakamakon gwaji ya iso, ina tafe."

Ranar Alhamis Zunnuraini ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a zauren Malam Tukur.

"Baba, ƙudan Kademi da na Toranke, can wajenmu a Ajingi, dangi ɗaya ne. Kakanninsu daga Asiya suka shigo Afirka, sama da shekara ashirin ke nan."

"Kana ina a lokacin?"

"Ina firamare, Baba."

Malam Tukur ya tuna tun Zulfa tana goye yake zubar da mangwaro mai tsutsa. Ya dubi ƙanensa.

"Maikuɗi, me ka samo?"

"Yaya, rijiyar unguwarsu kakansa ne ya haƙa ta. Shekara saba'in ana sha."

Zulfa tana bayan ƙofa, ta kasa kunne.

"Wato ƙudan ne baƙo, yaron ɗan gari," in ji Malam Tukur. "Ka turo magabatanka. Kuma ka mayar da robobin nan inda na cire su."

An ɗaura aure bayan girbin gyaɗa. Hafizu ya halarta, bai gabatar da sabon bincike ba.

Allah ya ba su zaman lafiya, da zuriyar da ba sai an kai ta ɗakin gwaji ba kafin a san asalinta.