Tabon da Ya Goge a Hoto

A wani mamak, wato gidan shayi da abinci, na unguwar Taman Melati, a ƙasar da ya je karatu, Zahraddeen ya fara ganinta. Ruwa ake tsugawa, wuri ya cika, kujera ɗaya ce ta rage, a teburinta.

"Boleh?" ya tambaya da yaren garin ko zai iya zama, yana nuna kujerar.

Ta gyaɗa kai. Da aka kawo mata shayi sai ta juya wajen bango kafin ta sauke takunkumin fuskarta. Duk da haka ya gani: siririn tabo daga ƙasan hanci zuwa leɓen sama.

Kausar sunanta, Musulma 'yar ƙasar Sin, tana karatun harhaɗa magunguna. Da tsagar leɓe da ta ganɗa aka haife ta, aka ɗinke tana jaririya. Kafin zangon karatu ya ƙare ya zama shi kaɗai take yi wa dariya babu takunkumi. Yana kiranta Zumata, ita kuma Zah.

Da maganar aure ta taso, Ummansa ta ce daga Kano ya turo hoto. Ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya sa yatsa ya goge tabon, ya tura.

Ya manta da binciken da ake yi kafin aure. Umma ta sa Anti Hureira, matar wani malamin jami'a a Danau Kota, ta je ta gano mata yarinyar. Anti ta dubi Kausar, ta dubi hoton da Umma ta turo a wayarta, ta sake dubanta.

"Ikon Allah! Ke ce wannan kuwa, 'yata?" Ta miƙa mata wayar.

Da yamma Umma ta kira shi.

"Ni za ka yaudara? An ce a ƙasarsu abin ya yi yawa a jarirai."

"Umma, ɗaya ne ko biyu fa cikin dubu."

"Ita ba cikin biyun ta fito ba? Jinina ba zai fito da tsagaggen baki ba!"

Kafin ya ajiye waya saƙon Kausar ya shigo: "Ummanka ba ta san ni ba, ban ji haushinta ba. Kai ka san ni, Zah, kuma ka goge."

"Zumata, tsoro na ji. Ki yafe min."

Ta yanke hulɗa da shi. Ya rame, ya daina shiga aji. Kullum yana tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati yana leƙen fuskoki. Ranar da ya hango ta, takunkumin ya koma fuskarta. Ta wuce shi kamar bango.

Sai bayan jarrabawa ta turo masa hoto: jaririya cikin jan bargo, leɓe a tsage har cikin hanci.

"Ni ce kafin aiki. Ɗanmu zai iya zuwa haka, zai iya zuwa lafiya. Idan ya zo haka, wane hoton za ka tura Kano?"

Ya yi kuka har ya gode Allah. Sannan ya tura wa Umma hoton yadda yake, ya rubuta: "Wannan nake so, da abin da za ta haifa."

Abbansa ne ya kira, ya ce ya amince, mijin Anti Hureira zai tsaya masa wakili.

Aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Setapak. Umma ba ta zo ba, ba ta kira ba. Lefe kawai ta aiko, akwati ɗaya. Kausar na buɗewa a gaban Anti ta ga rigar jarirai a can ƙasa, saƙar hannu.

Anti Hureira ta share hawaye. "Saƙarta ce, na san hannunta. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya raya abin da za ku samu, ko yaya ya zo."

Kausar ta sauke takunkumin, ta kifa fuskarta a kan rigar.

"Zah, kira mai hoto," ta ce. "Kar a taɓa komai."